Daɓen katako bayan ambaliya: sama ya bushe, ƙasa na ruɓewa

Daminar 2024 ba za ta fita daga zukatan ƴan Nijar da wuri ba. Ranar 30 ga watan Agusta ruwa kimanin milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, ya ci rayuka aƙalla 15. Kwana huɗu bayan haka tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe. A faɗin ƙasa mutane fiye da 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya ambaliyar ta shafa, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba.

Gidajen laka da suka zube kowa ya gan su, an kuma ƙidaya su. Akwai wata ɓarnar da ba ta shiga lissafi, domin ba ta bayyana sai bayan ruwa ya janye da makonni. Gidan siminti ne ko shago, ruwa ya shiga ya fita, aka kwashe taɓo, aka goge, kowa ya yi hamdala. Bayan sati uku sai ɗaki ya fara wani wari kamar na tsohon buhu, daɓe ya fara tasowa a mahaɗa, yaro ya kama tarin dare. Wannan shi ya fi faruwa inda aka shimfiɗa daɓen katako mai hawa-hawa, wanda masu sayar da kayan gini ke kira parke.

Gaskiya ne yawancinmu a kan siminti ko karo muke. Amma parke ya shigo Yamai da Maraɗi, ana ganinsa a otal-otal, ofisoshi, shagunan tufafi, wuraren gyaran gashi da falon sababbin gidaje. Wanda ba shi da parke kuma da wuya a rasa kwantirplake a gidansa, wanda ƴan Najeriya ke ce wa filawud: ko a kabad, ko a ƙofa, ko a gado, ko a rufin ɗaki. Abin da ruwa ke yi wa wancan shi yake yi wa wannan.

Me ke cikin allon?

Kaya biyu ne ake sayarwa da suna ɗaya, kuma bambancinsu shi ke raba wanda zai tsira da wanda za a zubar.

Na farko itace ne na gaskiya a samansa. Ana yanko ɓawon katako mai kyau, kaurinsa daga milimita 2 da rabi zuwa 6, a manna shi a kan kwantirplake ko wasu siraran alluna, a ƙara wani ɓawon a ƙasa. Kowane hawa ana kwantar da shi a gicciye da na ƙasansa. A ƙa'idar Turai, in hawan sama bai kai milimita 2 da rabi ba, bai cancanci sunan parke ba.

Na biyu, wanda ya fi araha kuma ya fi yawa a kasuwa, babu itacen da ido ke gani a jikinsa. Hoton itace ne aka buga a takarda, aka rufe da wani shafi mai tauri kamar roba, aka ɗora a kan allon garin katako da aka matse da manne a cikin injin. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977, daga baya ya yi suna da tambarin Pergo. Samansa ba ya shan ruwa ko kaɗan, shi ya sa mai saye ke sakankancewa. Cikinsa kuwa, da zarar ruwa ya sami hanya ta mahaɗa ko ta gefen bango, yana sha kamar gurasa a shayi. Ya kumbura ke nan, ko an shanya shi wata guda ba ya komawa yadda yake.

Itace ba ya daina shan iska

Ko an sare itace shekara ashirin, yana nan yana karɓar danshi daga iska yana kuma mayarwa. In iska ta yi laima ya kumbura, in ta bushe ya tsuke. Kusan duk motsin a faɗinsa yake, a tsawonsa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Hikimar gicciya hawa-hawa ke nan: kowane hawa na riƙe ɗan'uwansa kada ya motsa. Sai dai riƙon nan a kan manne ya dogara. Ranar da manne ya saki, allon ya zama tarin ɓawo.

A nan yanayinmu yake da wuya. Masana'antu na busar da parke har danshinsa ya tsaya wajen kashi 5 zuwa 9 cikin 100 na nauyinsa, domin ɗakunan Turai. A Yamai, a watan Maris, danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20, katako ya bushe ƙasa da kashi 5. A watan Agusta danshin iska kan haura kashi 70, katakon nan ya koma wajen kashi 13 zuwa 15. Kowace shekara ke nan allon na tsukewa da hunturu da bazara, mahaɗa su buɗe, sannan damina ta zo ta tarar da ƙofofin shiga a buɗe. Duk wanda ke da ƙofar katako da ke ƙin rufuwa a Agusta, ta koma tana lilo a Maris, ya riga ya san wannan karatu.

Shi ya sa ƙa'idar shimfiɗa parke ta ce a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da bango ta kowane gefe, a rufe ta da katakon gindin bango. Ma'aikacin da ya matse allo da bango don aiki ya yi kyau a ido, ya dasa wa mai gida matsala. In katako ya kumbura bai sami wurin zuwa ba, sama yake yi, tsakiyar ɗaki ta taso kamar kunyar dankali.

Ba ambaliya kaɗai ba

Ambaliya ita ce babba, kuma mazauna Lamorde, Karaje, Kirkisoye da Saga sun san ta tun 2020, lokacin da kogin Isa ya kai mita 7 a Yamai. Amma da yawa daga cikin daɓen da ke lalacewa ruwan sama bai taɓa shiga ɗakinsu ba.

Na farko siminti ne da kansa. Shafen siminti kan yi tauri cikin kwanaki, amma bushewarsa daban ce. Ma'aunin da magina ke bi a Faransa shi ne kimanin sati ɗaya ga kowane santimita na kauri har zuwa santimita 4, abin da ya haura haka kuma ya fi jinkiri. Zafinmu na rage lokacin da rani, amma ba da damina ba. Mai gida yana gaggawar tarewa, ko biki ya matso, sai a shimfiɗa katako a kan simintin da cikinsa ke jiƙe. Na biyu rima ce, danshin da ke tasowa daga ƙasa ta cikin kankare in ba a sa leda a ƙarƙashinsa ba lokacin zubawa. Gidajen da ke kwari, kamar na gefen Gunti Yena a Yamai ko kusa da Gulbin Maraɗi, sun fi fama da ita.

Sauran daga cikin gida suke. Bututun kilimatizer da ke ɗiga a bayan labule. Famfon banɗaki da ke yoyo cikin bango. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda ke da amfani da bazara amma in aka ci gaba da kunna ta da damina tana ƙara wa ɗaki laima ne kawai. Ƙofar banɗaki inda ake fitowa da jiƙaƙƙun ƙafafu bayan alwala sau biyar a rana. Sai wankin ɗaki irin namu, wanda aka saba a kan siminti da karo: a sheƙa bokiti, a bi da tsintsiya. A kan parke, wannan ambaliya ce ƙarama duk safiya. Tsumma da aka matse sosai shi ne iyakarsa.

A ra'ayina abin da ya fi duka ɓarna shi ne rufe laifi. An ga daɓe ya fara tabo, sai a shimfiɗa leda ko darduma a kai. Danshin da da zai fita ta sama an toshe masa hanya.

Hunhuna daban, ruɓa daban

Funfuna, ko hunhuna a bakin mutanen Maraɗi da Tawa, halitta ce mai rai. Ƙwayoyin irinta suna cikin iska ko'ina, ba a iya kore su. Abin da suke jira danshi ne da abinci da ɗumi, kuma ƙarƙashin parke ya haɗa duka: duhu, iska ba ta motsi, ga garin katako da takarda da ƙura. Hukumar kare muhalli ta Amurka na cewa kayan da suka jiƙa in ba a busar da su cikin awa 24 zuwa 48 ba, hunhuna na iya kama su. A zafin Agusta da Satumba babu dalilin sa ran ta yi jinkiri fiye da haka.

Manoman gyaɗa sun san danginta. Hunhunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi, wadda ke haifar da gubar aflatoksin, daga gidan Aspergillus take, kuma wasu ƴan gidan nan su ne ke zama a jiƙaƙƙen ɗaki tare da Penicillium. Akwai kuma baƙar nan mai suna Stachybotrys, wadda ke son takarda da garin katako da suka daɗe a jiƙe. Kada dai a tsaya tantance launi. Fara ce, koriya ce ko baƙa, magani ɗaya ne.

Ita hunhuna a saman katako take kiwo. Tana ɓata launi, tana wari, tana cutar da mai shaƙa, amma ba ta cin ƙarfin itace sosai. Masu cin ƙarfi wasu ƴan'uwanta ne, masu ruɓar da itace, waɗanda ke shiga cikin jijiyarsa su narkar da ita. Su sai katako ya jiƙa sosai kafin su kama, kuma muddin danshinsa na ƙasa da kashi 20 ba sa samun wurin zama. Ganin hunhuna gargaɗi ne ke nan cewa yanayin da ruɓa ke so ya kusa cika. Bayansu kuma ga gara, wadda ba ta da abin so kamar jiƙaƙƙen katako da ke kwance a kan ƙasa.

Daɓen da kansa yana faɗin inda ruwa yake. In gefunan allo sun ɗaga tsakiyarsa ta lotsa kamar kwale-kwale, ƙasansa ya fi samansa jiƙa, wato daga siminti danshin ke zuwa. In mahaɗa ne suka kumbura suka yi baki-baki, ruwa daga sama ya shiga. In an taka an ji laushi, ko an ƙwanƙwasa an ji amon fanko, manne ya saki. Hanci kuma ya riga ido: a rufe ɗaki kwana ɗaya, a fita, a dawo a buɗe. In akwai warin rima, akwai abin da ke ƙasa ko da saman yana ƙyalli.

Abin da take yi wa ƙirji

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da hunhuna a cikin gidaje. Ta tabbatar da alaƙa tsakanin zama a ɗaki mai danshi da tari, toshewar hanci, numfashi mai shewa, cututtukan hanyar numfashi da tashin ciwon fuka. Mai lafiya ƙalau wataƙila atishawa kawai zai yi. Waɗanda abin ya fi yi wa nauyi su ne jarirai, tsofaffi, masu fuka da masu raunin garkuwar jiki. Akwai kuma waɗanda suka warke daga tarin tibi: cutar kan bar ramuka a huhu, Aspergillus kuma na iya zama a cikinsu, ya jawo tari mai tsawo, wani lokaci da jini, har a zaci tibin ne ya dawo. Wanda ya ga haka ya je asibiti, ya kuma gaya wa likita halin da ɗakinsa ke ciki.

A tuna yadda muke zama. Bature a kan kujera yake, hancinsa nesa da daɓe. Mu a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa yara ke rarrafe, a ƙasa ake shimfiɗa katifa, goshi kuma na taɓa ƙasa a kowace sallah.

Ga ƙari ɗaya. Yawancin allunan cikin gida da manne mai sinadarin formaldehid ake haɗa su, wanda ba ya jure ruwa. Zafi da danshi na ƙara yawan tururinsa da ke fita, yana sa ido da maƙogwaro yaji. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin masu haddasa cutar tun 2004.

Kwana biyun farko

Kafin a sa ƙafa cikin ruwa a kashe wutar gida gaba ɗaya. Sannan a tambayi kai wane ruwa ne ya shiga. In na famfo ne mai tsabta, ko ruwan sama da ya zubo ta rufi, akwai abin da za a iya ceta. In ruwan titi ne ko na kogi, ya riga ya bi ta salga da kwata da juji. Duk abin da ya sha shi, parke, soson da ke ƙarƙashinsa, darduma, katifa, allon garin katako, na zubarwa ne. Wannan hukunci yana da ɗaci ga wanda ya kashe kuɗi, amma ba a wanke cikin allo.

In ruwa mai tsabta ne, a kwashe shi nan take, a fitar da darduma da kujeru, a cire katakon gindin bango, a ɗaga alluna daga gefen da ya fi jiƙa a duba ƙasa. Parken da ake sarƙafawa ba tare da manne ba yana kwancewa cikin sauƙi, daga layin da aka sa na ƙarshe ake farawa. Yana da kyau a rubuta lamba a bayan kowane allo don mayarwa. Soson ƙasa in ya jiƙa a sauya shi, ba shi da tsada idan aka kwatanta da abin da zai lalata.

A jera allunan a kwance a inuwa, da ƴan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa. Kada a baza su a rana. Ranarmu na busar da saman allo cikin awa kaɗan alhali cikinsa na jiƙe, sai ya lanƙwashe ko ya tsage, hawan sama ya ɓalle. A cikin ɗaki a kunna fanka, a buɗe tagogi da rana in gari ya washe, a rufe da dare da lokacin hadari. Kilimatizer na taimakawa, domin yana tsotse ruwa daga iska, matuƙar bututunsa waje yake zubarwa. Amma in hunhuna ta riga ta fito fili, kada a hura mata fanka kafin a cire ta, watsa ta za a yi cikin gida.

Allon garin katako da ya kumbura ya tafi. Parke mai itace na gaskiya a sama yakan koma daidai in manne bai saki ba, sai dai yana iya ɗaukar makonni. Kuskuren da ake yi shi ne kawo injin gogewa tun yana lanƙwashe don a daidaita shi. In ya gama bushewa gefunan da aka goge za su sauka, tsakiya ta yi tudu, an kuma cinye ɓawon da dama bai fi milimita 3 ko 4 ba.

Game da jabel: yana aiki a kan karo da siminti da ƙarfe. A kan katako yana gusar da launin hunhuna ne a sama, ruwan da ke cikinsa kuma ya shige ciki. A wanke siminti da sabulu da buroshi tukuna, sannan a bi da jabel da aka surka, a bar tagogi a buɗe. Kada a taɓa haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki, haɗin na fitar da iska mai guba. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu, yara da masu fuka su bar gidan, allunan da suka yi hunhuna a ƙulle su cikin leda tun a ɗakin kafin a ratsa tsakar gida da su. Hukumar nan ta Amurka na ganin mai gida zai iya da kansa in wurin bai wuce kimanin murabba'in mita ɗaya ba. Fiye da haka aikin masu sana'a ne.

Kafin a mayar da komai a gwada simintin. A yanko leda mai kauri kamar rabin mita ta kowane gefe, a manne bakinta duka a kan siminti da salatif, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. In an ɗaga an ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu, siminti bai bushe ba. Gwajin yana da iyaka: in ya nuna ruwa, akwai ruwa, in bai nuna ba, ba shaida ce cikakkiya ba, musamman da rani. Ma'aikacin da ke da na'urar auna danshi ya fi wanda ke shafa hannu ya ce ya yi.

Inda rai ke ciki

Parken da ke kwance a kan siminti in ya lalace asarar kuɗi ce da ta lafiya, ba ya rushewa da kowa. Lamarin ya sauya inda katako ne ke ɗauke da nauyi. Shaguna da yawa a kasuwanninmu na da ɗan bene a ciki, kwantirplake a kan ginshiƙan katako, ana jibga masa atamfa, buhuna ko kwalaye, wani lokaci yaron shago a can yake kwana. Kwanon rufi na yoyo a kansa damina bayan damina, kaya sun rufe wurin, babu mai gani.

Ƙarfin kwantirplake yana cikin haɗuwar hawansa. In sun rabu, allo mai kaurin milimita 18 ya zama siraran ɓawo da kowanne ke lanƙwasa shi kaɗai. Ginshiƙi kuma daga kansa yake ruɓewa, wurin da ya shiga bango, inda danshi ke taruwa kuma ido ba ya kaiwa. Itacen da ruɓa ta fara ci yana rasa ƙarfi mai yawa tun kafin kamanninsa su sauya, kuma ba ya yin gargaɗi irin na lafiyayyen itace da ke lanƙwasa yana ƙara kafin ya karye. Magabata da suka zaɓi azarar giginya don rufin soro sun san abin da suke gudu.

A ƙarshen kowace damina a sauke kayan, a ɗauki ƙusa ko tsinin wuƙa a soka a kan ginshiƙai da kewayen ƙusoshi. Lafiyayyen itace yana ƙin shiga, in an ɓanɓare shi dogon sili ke fita. Ruɓaɓɓe yana karɓar ƙusa cikin sauƙi, yana gutsurewa gajere-gajere. Irin wannan ba a yi masa faci da fenti, sauyawa ake yi, bayan an toshe yoyon.

Ga mai niyyar saye, a tambayi mai kaya ko kwantirplaken na ciki ne ko na waje. Na waje da manne mai jure ruwa ake yin sa, a kayan Faransa yana ɗauke da alamar CTB-X. Ko shi ɗin ma mannensa ne ke jurewa. Itacen okume na Gabon da ake yawan yin sa da shi yana ruɓewa in ya daɗe a jiƙe. Mai shimfiɗa parke a ɗakin ƙasa ya sa leda mai kaurin milimita 0.2 a kan siminti, gefunanta su hau juna da santimita 20, ya bar kwalayen su kwana biyu a ɗakin kafin a buɗe. Gidan da ruwa ya taɓa shiga sau ɗaya kuwa, ko wanda ke kwari, karo ya fi masa, har da karon nan mai zanen itace ga wanda kamannin yake so.

Ɗan haya kuma da ya tarar da parke a gida ko shago, ya ɗauki hoton mahaɗa da kusurwoyi da wayarsa ranar da ya karɓi makulli, ya kuma sanar da mai gida a rubuce ranar da ruwa ya shiga. Allon da gefunansa suka ɗaga yana nuna rima daga ginin, wanda mahaɗarsa ta kumbura yana nuna ruwa daga sama, kuma a kan wannan bambanci ake jayayyar kuɗin ajiya ranar tashi.